Fili, kwali ko bidiyo: wanne ya fi koyar da gudun dangantaka a ajin fiziks?

Tambayar ba ta da wuya a takarda. Motoci biyu sun tashi daga Jos sun kama hanyar Bukuru, ɗaya tana gudun kilomita 60 a awa, ɗaya 80. Nawa ne gudun ta biyun a idon direban ta farkon? Ɗan SS1 da ya haddace cewa "in hanyarsu ɗaya a ɗebe, in gaba da gaba suke a tara" zai ce maka 20 tun kafin ka ajiye alli. To juya masa ita: shi kuma direban mai 80 ɗin, yaya yake ganin mai 60? Nan aji zai yi tsit. Can wani zai ce, "Malam, 20 ne dai." Bai yi ƙarya ba, sai dai rabin amsa ya bayar. A idon wancan direban, mai 60 ɗin baya take ja da gudun 20, kuma wannan ja da bayan shi ne alamar ɗebewar da yara ke mantawa da ita a jarrabawa, ko su sa ta ba tare da sun san abin da take nufi ba.

Gudun dangantaka ke nan: gudun abu kamar yadda wani mai kallo yake auna shi, alhali shi kansa mai kallon yana iya kasancewa cikin tafiya. Lissafinsa ɗebewa ce kawai. Abin da ke da wuyar shiga kai shi ne yarda cewa babu abin da ke da gudu guda ɗaya tak, sai an faɗi daga ina ake auna shi. Yaron da ke kan benci a Gangare ko Anguwan Rogo yana ganin kansa a zaune, amma juyawar duniya tana tafiya da shi gabas da kusan kilomita 1,650 a awa, duniyar kuma tana zagaya rana da kusan kilomita 30 a kowace sakan. Tun 1632 Galileo ya rubuta cewa wanda aka rufe a cikin ɗakin jirgin ruwa mai tafiya a miƙe da gudu ɗaya, babu gwajin da zai yi a ɗakin ya gane ko jirgin tafiya yake ko tsaye yake. Faɗin wannan a gaban allo yana burge yara, amma ba ya sa su iya amsa tambayar direba.

Hanyoyin aiki da hannu da malami a Jos zai iya kaiwa gare su ba tare da jiran kaya daga waje ba uku ne in an tattara su: fitar da ɗalibai fili su yi tafiya, aiki da kwali a kan tebur, sai bidiyon waya. Ma'aunin da nake ɗora su a kai guda ɗaya ne: shin akwai wanda ya auna gudun daga wurin mai tafiyar kansa, ko duk daga ƙasa aka auna sannan aka dawo aji aka ɗebe? Yawancin abin da ake yi da sunan firaktikal a wannan darasi na biyun ne. An fita, an sha rana, an danna agogo, an dawo an cire gudun ɗaya daga na ɗayan. Yaro ya koyi auna gudu, ba laifi, amma gudun dangantaka bai gan shi da idonsa ba.

Mu fara da fili, tunda shi ne ba ya cin ko kwabo. Kayan aikin su ne tef ɗin awo irin na magina, toka ko garin alli na shata ƙasa, igiya, da agogon waya. A ja layi biyu kusa da juna, kowanne mita 20. Abin da ke kashe wannan aiki a hannun mutane da yawa shi ne yaro ba ya iya riƙe gudu ɗaya: ya fara a hankali, da ya ga abokinsa ya matso sai ya ƙara mai, abin ya koma tsere. Maganin haka kiɗa ne. A layin farko a sa alama kowane santimita 50, a na biyu kowane santimita 75, sannan a ɗauko gangar fareti ta makaranta, ko wani ya riƙa tafi, bugu biyu a kowace sakan. Akwai manhajojin waya da ke ba da bugu 120 a minti, sai mai ganga ya bi su. Kowane bugu, taku ɗaya zuwa alama ta gaba. Da haka mai layin farko yana tafiyar mita 1.0 a sakan, na biyu mita 1.5, ba don sun ga dama ba, sai don kiɗa ya ɗaure musu ƙafa. Ko filin naku yana da ɗan gangare, kamar yadda filayen Jos da yawa suke, ba abin da zai sauya, tunda ganga ce ke riƙe da gudun. Shata alamomin yana cin lokaci, 40 a layi ɗaya, 26 a ɗayan, don haka aikin jajibiri ne, ba na cikin darasi ba.

Da wannan shiri lambobin suna fitowa tas. A ba mai jinkiri ratar mita 5, na baya zai cim masa bayan sakan 10, daidai mita 15 daga mafari. A sa su fuskanci juna daga ƙarshen layin biyu, za su haɗu a sakan 8, mita 8 daga gefen mai jinkiri, 12 daga gefen mai sauri. Kafin kowace tafiya, kowane rukuni ya zauna ya yanke inda yake zaton za su haɗu, ya je ya ajiye dutse a wurin. Wannan matakin ba ado ba ne. A 1998 wani malamin fiziks a Amurka, Richard Hake, ya tattara sakamakon ɗalibai sama da 6,000 daga azuzuwa 62, ya ga cewa inda ake sa ɗalibai su yi tunani, su yi gardama da juna, su gwada, ci gaban fahimtarsu ya kai kusan ninki biyu na inda ake laccar zalla. Motsin jiki kaɗai ba shi ne sirrin ba. Yaron da ya ajiye dutsensa a tsakiyar layi, ya ga an haɗu mita biyu gefe, shi ne zai so sanin dalili.

Sai dai har yanzu daga ƙasa ake kallo. Abin da ke mayar da fili darasin gudun dangantaka na gaske ita ce igiya. A sami igiyar shanya mai tsawon mita 10 ko fiye, a ƙulla ta kowane rabin mita. Mai sauri ta riƙe bakinta gam, mai jinkiri ta sa ta tsakanin yatsunta a sake, ragowar tana ja a ƙasa a bayanta. Su tashi tare. Wata ta uku ta jera da mai jinkirin, kafaɗa da kafaɗa, aikinta kawai ta ƙirga ƙullin da ke wucewa ta hannun ƙawarta da ƙarfi kowa yana ji. A sakan 10 ƙulli 10 za su wuce, wato mita 5, wato rabin mita a sakan. Babu wanda ya ɗebe komai daga komai. Wadda ke cikin tafiya ce ta auna, kuma ta samu amsar da allo zai bayar daga baya.

Sannan a juya. Mai jinkiri ta riƙe baki, mai sauri ta ɗauki ragowar a naɗe cikin bokiti, igiyar tana fita ta yatsunta. Ƙulli 10 ne dai za su wuce, amma wannan karon baya suke yi. Za ka ji ta ce, "Malam, ni baya take gudu!" Riƙe wannan maganar tata, ka kai ta allo, ka rubuta alamar ɗebewa a gefenta. Gwaji na uku da igiyar shi ne wanda ya fi kowanne sauƙi kuma ya fi kowanne tasiri: a sa su biyun a layi ɗaya, ɗaya gaba ɗaya baya da ratar mita 5. Ganga tana kaɗawa, suna tafiya, ko ƙulli ɗaya bai motsa ba. Dukansu tafiya suke, amma a idon juna tsaye suke. Wannan yana gyara wani ruɗani da Trowbridge da McDermott suka gano a Jami'ar Washington tun 1980: ɗalibai da yawa, har da na jami'a, suna ɗaukar cewa in abu biyu sun jera a wuri ɗaya, gudunsu ɗaya ne a wannan lokacin. Tambayi ajinka a daidai lokacin da mai sauri ya cim wa mai jinkiri, "Yanzu gudunsu ɗaya ne?" za ka ga hannaye nawa za su tashi. Igiyar da ba ta motsa ba tana nuna musu cewa alamar gudu ɗaya ita ce rata ta ƙi sauyawa, ba a jera ba.

Akwai ribar jarrabawa a nan ma. A tafiyar cim ma juna, a sa wasu su rubuta ratar da ke tsakani bayan kowane bugu huɗu: 5, 4, 3, 2, 1, 0. A zana giraf na rata da lokaci, layi ne miƙaƙƙe mai gangarowa, gangarensa kuma shi ne gudun dangantaka har da alamarsa. Tebur, giraf, gangare da matakan kiyayewa su ne abin da takardar firaktikal ta WAEC da NECO ke nema, duk da cewa shi kansa gudun dangantaka ya fi fitowa a tambayoyin zaɓi da na rubutu. In an dawo aji, tambayar da nake ganin ta fi dacewa a gwada su da ita ta hanya ce. Tirela mai tsawon mita 16 tana tafiyar kilomita 54 a awa, wato mita 15 a sakan. Ƙaramar mota mai tsawon mita 4 tana son ta wuce ta da kilomita 72, wato mita 20 a sakan, ta bar ratar mita 10 gaba da baya. A idon direban tirela, motar tana rarrafe da mita 5 a sakan, kuma sai ta ci mita 40, sakan 8 ke nan. Amma a kan kwalta ta shafe mita 160 a hannun da ba nata ba, wanda ke tahowa da irin gudunta shi ma ya ci 160. Sai an ga mita 320 babu kowa kafin a fita. Yaran da iyayensu ke bin hanyar Bauchi ko ta Akwanga ba sa bukatar a gaya musu amfanin wannan lissafi.

Fili yana da nasa naƙasu. Minti 40 ba ya isa, sai darasi biyu a haɗe. A ajin mutum sittin, in ba a raba su rukuni-rukuni kowa da aikinsa ba, biyar za su yi aiki, sauran su koma hira a inuwa. Ganga tana damun azuzuwan kusa, gara a sanar da firinsifal tun da wuri. Makarantun kuɗi da yawa a cikin gari ba su da fili, sai ɗan tsakar gida, amma barandar mita 10 tana yi in an rage komai zuwa rabi. Babban naƙasun kuwa shi ne fili ya fi ƙarfi a layi ɗaya. Ana iya sa ɗaya ya yi arewa ɗaya gabas daga wuri guda, igiya za ta ba da kusan mita 1.8 a sakan, ƙulli 18 a sakan 5, daidai da abin da ƙa'idar Faitagoras ta ce. Girman gudun ya fito, amma alkiblarsa ba ta fitowa fili yadda yaro zai zana ta.

A nan ne kwali ya fi. Babu yaro a Jos da bai san ruwan Agusta a cikin keke napep ba. Ruwan da mai tsaye a ƙofar shago yake gani yana sauka a miƙe, na cikin keke yana ganinsa yana zuwa daga gaba a karkace, kuma duk ƙara mai da direba ya yi, karkatar tana ƙaruwa. Manyan ɗigon ruwa suna isowa ƙasa da gudun mita 6 zuwa 9 a sakan. Keke mai kilomita 30 a awa yana cin mita 8.3 a sakan. Gudun biyu kusan ɗaya ne, shi ya sa karkatar take kaiwa wajen digiri 45.

Shigo da wannan cikin aji ba ya bukatar fiye da kwalin banza da kowane mai shago a Terminus zai ba ka, a buɗe shi ya zama shimfiɗa, da doguwar rula, da maka. A ɗora bakin rular biyu a kan littattafai yadda kwali zai iya wucewa ta ƙarƙashinta, yara biyu su danne ta kar ta motsa. Ɗaya ya ja maka daga sama zuwa ƙasa yana bin gefen rula, shi ne ruwan sama. Wani kuma ya ja kwalin gefe, shi ne keke. Su fara tare su tsaya tare, aji yana ƙirga musu ɗaya zuwa huɗu. In maka ta yi tafiyar santimita 40, kwali ya yi 30, layin da zai fito a kan kwalin karkatacce ne mai tsawon santimita 50, ya kauce daga miƙe da kusan digiri 37. Ka tambayi mai maka, "Kai, me ya sa ka karkace?" Zai rantse maka, "Wallahi Malam a miƙe na ja, ga rular nan." Gaskiyarsa, kuma kwalin ma gaskiyarsa. Kwalin shi ne mai kallo mai tafiya, abin da ya gani kuma ya rubuta shi a jikinsa.

Abu uku ne suka sa nake ganin wannan ya fi abin da ake zato daraja. Ba a bukatar agogo ko kaɗan, domin lokacin tafiyar biyu ɗaya ne, tsawon layukan yana wakiltar gudun kai tsaye. Sakamakon ba ya ɓacewa: layin yana nan, a auna shi da rula da ma'aunin kusurwa na cikin mas set, a zana kibiyoyin bekta a kansa, wato kibiyoyin da ke nuna girman gudu da alkiblarsa. Kuma kowane benci zai iya yin nasa a minti 15, ko ana ruwa ko an ɗauke wuta. Ko kuskuren ma darasi ne, domin in mai jan kwali ya yi gaggawa a tsakiya, layin zai lanƙwashe, sai ka tambaye su a wane wuri keke ya ƙara gudu. A sa su lura da abu ɗaya: an ja kwali dama, layi ya karkata hagu. Alamar ɗebewar da igiya ta nuna a fili ce ta sake fitowa. Raunin kwali shi ne ɗalibi bai ji abin a jikinsa ba, sai ya ɗauki kansa a matsayin kwalin cikin tunani, kuma wanda bai riga ya yarda cewa mai tafiya yana da nasa awon ba, zai ga abin wasan zane ne kawai.

Ƙanin wannan shi ne motar wasa mai batir a kan doguwar takarda ko kwali da ake ja a daɓe, don tambayar kwalekwale mai haye kogi. Jos ba garin kwalekwale ba ne, rafin Dilimi ba a haye shi da jirgi, sai wanda ya taɓa zuwa bakin Binuwai a Ibi zai gane hoton nan take. Don haka ga yawancin yaranmu kwalin da ake ja ne zai zama kogin farko da suka gani, motar kuma kwalekwalen. In mota tana mita 0.4 a sakan, kwali yana 0.3, faɗinsa santimita 80, za ta haye a sakan 2, ruwa ya janye ta santimita 60, ta yi tafiyar mita ɗaya cif a idon wanda ke bakin gaɓa. Abin mamakin da ke cikinta shi ne lokacin hayewa ba ya sauyawa ko an ja kwali ko ba a ja ba, muddin motar ta fuskanci ƙetare sosai. Kusan duk aji zai yi hasashen za ta fi daɗewa. In kuma ana so ta sauka daidai gaban inda ta tashi, sai an karkata hancinta wajen da ruwa ke fitowa da kusan digiri 49, lokacin ya koma kusan sakan 3.

Amma wahalarta ta fi ribarta in za a mayar da ita aikin rukuni. Motar da ake ja baya a saki ba ta da gudu ɗaya, tana fizga sannan ta mutu. Mai rimot ba ta tafiya a miƙe. Mai juyawa in ta bugi abu ba ta da amfani. Sai an zaɓo mai batir mai tafiya gaba kawai, a gwada ta a gaban mai shago kafin a biya. Batir yana rauni, gudu yana raguwa tsakanin aji na farko da na uku. Ga kuma matsalar agogo: hannun mutum yana kuskuren kusan sakan 0.2 wajen dannawa. A tafiyar sakan 10 ta fili wannan kashi 2 ne cikin ɗari, a tafiyar sakan 2 ta mota kashi 10 ne. A ganina mota ɗaya ta isa makaranta, malami ya nuna sau biyu ko uku bayan an yi hasashe, a wuce.

Na'urar ɗiga tabo a zaren takarda da ke cikin wasu ɗakunan gwaje-gwaje ba ta wannan darasi ba ce. Tabo 50 a sakan da take yi ya dogara ga wutar layi, a janareto ba tabbas, kuma a jikin tebur take a ɗaure, daga ƙasa kawai take kallo.

Saura bidiyo, wanda shi ne ya fi ɗaukar ido. Iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Na farko waya biyu ce kawai, ba kwamfuta. Ɗalibi ya bi layin santimita 75 da ganga, ƙwallo a hannunsa daidai kafaɗa, ya sake ta yana tafiya ba tare da ya jefa ba. Waya ɗaya tana tsaye a kan kujera daga gefe, ɗayar tana hannun wanda ya jera da shi. Daga tsayin mita 1.25 ƙwallo tana kaiwa ƙasa a rabin sakan, a wannan lokacin ya yi gaba santimita 75. Yawancin yara za su ce a bayansa za ta faɗi. A gefen ƙafarsa take faɗuwa. Wayar kan kujera ta ɗauko ta tana lanƙwasa gaba, ta hannu kuwa ta ɗauko ta tana sauka a miƙe. Ido ba ya kama wannan a rabin sakan, amma waya mai ɗaukar hoto 30 a sakan ta raba faɗuwar gida 15, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga wannan gwajin, babu abin da ya kai bidiyo, kuma shi ne gada zuwa darasin abin da aka harba a iska a SS2.

Na biyu shi ne manhajar Tracker, wadda Douglas Brown ya ƙirƙira a Amurka, kyauta ce, kuma in an sauke ta a kwamfuta tana aiki ba intanet. Ana sa bidiyo, a nuna mata rular mita ɗaya da ke cikin hoton, a danna kan kowane mai tafiya hoto bayan hoto, ta fitar da tebur da giraf. Abin da ya bambanta ta shi ne ana iya ce mata ta ɗauki ɗaya daga cikin masu tafiyar a matsayin cibiyar awo, nan take giraf ɗin ya koma yadda shi yake ganin ɗayan. A lissafi babu wadda ta kai ta daidai. Amma sai da kwamfuta, da wuta, da majigi in ana so na bencin baya su gani, da maraice guda na malami yana koyon danne-danne. In ɗaya ya fi kusa da kyamara, awon zai yi ƙarya, don haka sai an ja baya sosai an ɗauka daga gefe daidai. Makarantu da yawa sun hana ɗalibai waya, komai a wayar malami zai ƙare. Babban abin da nake tsoro kuwa shi ne yaro ya ce "kwamfuta ce ta yi," ya karɓa kamar yadda yake karɓar ƙa'idar allo. Ko da wace iri aka yi, kar a tura yara bakin titi ko kan gadar sama su ɗauki motoci, kuma hoton 'ya'yan mutane ya tsaya a aji, kar ya shiga WhatsApp.

To wanne za a ɗauka? A tsarin da yawancin makarantu ke bi, motsi yana zuwa a SS1, bekta kuma a SS2, kuma wannan kaɗai ya raba gardamar rabi. Ga 'yan SS1 da ba su san kibiya ba tukuna, fili da igiya. Ga 'yan SS2, kwali da maka, a biyo da motar kogi in akwai ta. Ga 'yan SS3 da ke bita ana saura makonni jarrabawa, kwali na minti 15 sannan a buɗe tsofaffin tambayoyi, domin fita fili a lokacin asara ce. Wanda ke da kwamfuta da majigi ya ɗauki bidiyon tafiyar da yaran suka yi da ƙafarsu, ya nuna musu ita a Tracker a darasi na gaba. In sun riga sun ƙirga ƙulli 10 da hannunsu, 0.5 da manhaja za ta fitar tabbaci ce, ba sihiri ba.

In kuwa darasi biyu a haɗe sau ɗaya tak za ka samu a duk zangon, ba wa igiya shi. Kwali yana shiga ƙarshen kowane darasi, gwajin ƙwallo kana iya ɗauka da kanka ka zo da shi a waya, amma igiya sai an fita, kuma ita ce kaɗai ke sa ɗalibi ya zama mai kallo mai tafiya da jikinsa. Sai dai ka duba sama kafin ka sa rana. Zangon farko yana buɗewa a Satumba, ruwa bai ɗauke ba sai wajen Oktoba, kuma dare ɗaya ya isa ya wanke maka alamomin toka. Daga ƙarshen Nuwamba kuma iskar hunturu ce za ta share su, sanyin safiyar Jos kuwa ba ya barin yatsu su ji ƙulli. A lokutan nan a yi alamar da ƙananan duwatsu ko turakun kara maimakon toka, a sa darasin bayan tara da safe, a kuma ajiye kwali da maka a ofis ko da hadari zai taso.